Motar Nababa Ta Daina Ja

Shekara talatin Malam Kamaruddeen ya yi yana gyaran motocin dizal a bakin kasuwar Makoda, kafin ciwo ya shanye masa ɓarin dama ya kuma riƙe masa harshe. A watan farko zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Da damina ta sauka kowa ya koma gonarsa, sai ya zama matarsa Asama'u ce kawai ke shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida ta koma ciki. Yakan wuni yana kallon dawar maƙwabta tana tsayi.

Wata Laraba bayan azahar wata farar bas ta taho tana nishi a kan ɗan tudun unguwar, baƙin hayaƙi na bin ta. Ta Nababa ce, direban da ke kai buhunan gyaɗa Kano, tsohon abokin cinikinsa. Dubiya ya zo.

Nababa ya durƙusa ya gaishe shi da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Daga nan ya juya wajen Asama'u da ta tsaya a bakin zaure, ita yake ba labari. Ya ce motar ta daina ja, ko ya take totur har ƙasa sai ta yi ta rarrafe. Ya sake matatar mai, ya sake ta iska, an wanke tanki, duk a banza. Yanzu kanikawan birni sun ce sai an sauke injin.

Kamaruddeen ya buga sandarsa a ƙasa. Babu wanda ya kula. Ya sake bugawa, ya nuna motar, ya murza hannun hagu alamar a tayar. Asama'u ta ce wa Nababa, "Alhaji, so yake ka kunna ta."

Su biyu suka tallafe shi har jikin motar. Nababa ya ɗaga kujerar gaba, injin ya bayyana, ya tayar da motar ya taka totur. A cikin rugugin Kamaruddeen ya tsinci wani siririn fito. Ya zura hannu yana bin babban tiyon da ke kai wa injin iska, har yatsarsa ta faɗa wata tsaga ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ta fito da baƙin mai. Ya so ya bayyana cewa iskar ce ke gudu, shi ya sa man ba ya ƙonewa. Abin da ya fito daga bakinsa kalma ɗaya ce, ita ma a karye.

"Nan."

Nababa ya tsayar da mai babur ya je kasuwa ya samo wani tiyon. Kamaruddeen ya sa aka fito da akwatin sifanunsa, yana sa bakin sanda yana turo wa Nababa wadda ta dace. Da aka ɗaure, motar ta hau tudun a giya ta uku, hayaƙin ya washe.

"Wallahi zan turo maka direbobi, Malam," in ji Nababa, yana riƙe da hannunsa mai lafiyar.

Washegari Kamaruddeen ya hana a mayar da akwatin ɗaki. Ya goge sifanun ɗaya bayan ɗaya da gefen rigarsa. Ranar Asabar wata mota ta rage gudu a ƙofar gidan, ya gyara zama. Hanyar Shanono suke tambaya. Ya nuna musu da sanda, suka yi godiya suka wuce.