Harshen Baba Kpatcha

"Tallabo ni da kyau, Hodalo, kar ki shaƙe ni. Ko ramuwa kika zo yi?"

Na ɗago ƙeyarsa na kai masa ƙwaryar giyata baki. Maƙwabcina ke nan, Baba Kpatcha, ya zama ƙashi da rai amma bakin bai mutu ba. Shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Lome da Dapaong, babu garin da bai san masu burkutunsa ba. Da ya ajiye tuƙi sai ya zama alƙalin giya a unguwarmu ta Kara. Baƙo ya tambayi inda zai jiƙa maƙoshi, a nuna masa bencin Baba.

"In ka je Dapaong nemi giyarsu cakpalo, tatacciya ce, ba ta zama a ciki," haka yakan ce. "Ranar kasuwar Ketao ka wuce rumfunan bakin titi, na masu sauri ne. In kuwa so kake ka san ka sha, sai Niamtougou, gidan Bawena, bayan kuka."

Ni fa, da dafa burkutu ne sana'ata? Shekara goma sha shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, hayaƙin murhuna har ɗakinsa, bai taɓa turo min ko mutum ɗaya ba. Sai ya kurɓi ɗanɗanon da ake ba kowa kyauta ya taɓe baki. "Kin yi gaggawar shanya tsiron dawar." Wata rana kuma, "Itacenki ɗanye ne." Zagin da na yi masa a zuci ya fi a ƙirga, amma duk abin da ya faɗa sai na gyara. Ba zan ɓoye muku ba, abu ɗaya nake nema a bakin tsohon nan, ya ce tawa ta yi.

Wannan tukunyar kuwa na zuba mata duk abin da na iya. Ya kurɓa, ya daɗe da ita a baki, sannan ya haɗiye.

"Yaya, Baba?"

"Ruwa."

Saura kaɗan in kife masa ƙwaryar a ka.

"Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Harshen ne ya riga ni tafiya. Damina uku ke nan komai ruwa nake ji, har barkono."

"To, mutanen da kake ta turawa fa?"

"Da abin da na tuna." Ya juya fuskarsa bango. "Watan jiya wani ya dawo daga Niamtougou, wai Bawena ta shekara biyu a ƙasa, gidan ma ya zama shagon cajin waya. Dariya ya yi min a gaban jama'a. Ba wanda ya gaya min ta rasu, Hodalo."

Sai a lokacin na gane dalilin da bencinsa ya bushe, ba mai zuwa. Ba mata, ba ɗa, ashe harshen ne danginsa. Tausayinsa ya kama ni, amma kwaɗayina bai sake ni ba.

"To ka ce ta yi mana, Baba. Wa zai sani?"

"Ke." Ya yi tari. "Kawo ta nan wajen kunnena."

Na kara masa ƙwaryar. Ya lumshe ido yana sauraren tsastsafowar kumfa.

"Tana da rai. Sai surutu kamar mai ita. Iyakar shaidar da zan iya bayarwa ke nan."

Washegari da hantsi na shiga da koko na tarar ya cika. Mu bakwai muka raka shi, har da wani ɗan ɗan'uwansa daga Sokode da ke ta duban agogo. Ragowar tukunyar na raba musu. Duk suka ce ta yi daɗi, amma a gidan mutuwa me za su ce?

Da suka watse na tsuguna na zuba masa rabonsa a kan kabarin. Kumfar ta tsaya bisa jar ƙasa tana 'yar ƙara. Ban tashi ba sai da ta yi shiru.