Ƙwaya a Cikin Kokon Lubabatu

A shekarun da arzikin fetur ya cika gadar Wudil da manyan motoci, wata mai ɗauke da siminti ta take Nana, 'yar ƙanwata Lubabatu, ranar kasuwar shanu. Takalminta na roba, ƙafa ɗaya, aka haɗo mana da gawar.

Tun daga ranar, da babbar mota ta danna oda sai Lubabatu ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, numfashi ya ƙi fita. Nakan baro Dagumawa in zo Sabon Gari in riƙe ta, mu sha kukanmu har abin ya lafa.

Mijinta Sabo, akawu, kukan ne ya ishe shi. Maimakon ya kai ta asibiti, sai ya yi abin da mazan unguwar suka saba: ya tafi shi kaɗai ya faɗo ciwon matarsa. Da bakinsa ya maimaita mini abin da ya gaya wa likita: "Ba ta barci, ba ta bari a yi." Likitan bai tambayi dalili ba, bai ce a kawo ta ba. Ya rubuta ƙwayar kwantar da hankali, ya ce kada a daɗe ana sha. Da ta ƙare, Sabo ya gano mai kyamis na bakin tasha ba ruwansa da takardar likita. Kullum da safe sai ya murje mata a koko.

Na ce, "Malam Sabo, ka ji tsoron Allah, ka kai ta a gan ta."

"Haba Yaya Rabi, ga shi ta samu sauƙi. Me kuma kike so?"

Wai sauƙi! Tuwo ya ƙone tana zaune tana kallo. Maƙwabta sai yabon tawakkalinta suke, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni.

Da shekara ta zagayo, na tafi da takalmin nan da na ɓoye. So nake ta yi kuka, ko da kukan zai kai ta ƙasa, in san ƙanwata tana nan. Na ɗora mata shi a cinya. Daidai lokacin wata mota ta danna oda a titi, ko gezau Lubabatu ba ta yi ba.

Ta juya takalmin, ta dube ni da ido a lumshe.

"Yaya, wannan na 'yar waye?"

Daga bakin ƙofa Sabo ya ce, "Kin gani ko? Alhamdu lillahi, ta warke."