Fastar Ƙofar Guga

Tun da sojoji suka ce za su miƙa mulki, Sammani yake tara fastocin 'yan takara a cikin kwali. Ta wani ɗan takarar kansila a Ƙofar Guga ce kaɗai ta rage masa.

Yana cikin jiƙa ta da tsumma a jikin bango, sai 'yan banga uku suka zagaye shi da gorori.

"Wa ya aiko ka yage mana fasta?" in ji babbansu, Baƙo.

"Oga, ajiyewa nake yi. Dubi, har ruwan ɗumi na kawo."

Baƙo ya taɓa tsumman. "To, ɓamɓaro ta. In ta yage, sai na karya hannun nan."

Sammani ya dinga ja kaɗan-kaɗan har ta fito lafiya lau. Baƙo ya sauke gorarsa.