Ranar Da Aka Ba Tavita Magana

Shekara da shekaru Tavita yana fitowa a matsayin mai gadi a wani shirin talabijin, tsaye a ƙofar kumbon sama-jannati na katako, a wani tsohon sito da ke Auckland, riƙe da bindigar roba, ba a taɓa ba shi ko "to" ya faɗa ba. Faɗin ƙirjinsa kawai masu shirin talabijin ɗin suke so. Sai bana aka ce mai gadi zai yi magana. Tun bai buɗe takardar labarin ba ya buga wa mahaifiyarsa waya, ita kuwa kafin Lahadi ta gama sanar da matan cocinsu kaf.

Da ya karanta, ransa ya ɓaci. Wata ƙwayar cuta ce za ta shiga kumbon, duk wanda ta kama sai kalmomi su hargitse masa a baki, kuma mai gadi za ta fara kamawa. Magana ɗaya tak ta hankali aka bar masa a ƙarshe. Bayan an samo magani zai dubi kyaftin ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya tsira." Saboda ita ya haɗiye fushinsa.

Ya ɗauka shirme ba ya buƙatar hadda. Bai san Bronwyn ba, matar da aikinta ke nan ta tabbatar abin da aka faɗa a ɗauka ta farko shi aka maimaita a sauran, don in an zo haɗa hotuna baki ya dace da murya.

"Tukunya ta haye taga, a ɗaure min ruwan takalmi!" in ji Tavita, yana dafe maƙogwaro.

"A tsaya," in ji Bronwyn. "Ɗazu tagar ce ta haye tukunya."

"Haba baiwar Allah! Shirme ne fa. Wa zai kai ni ƙara?"

"Shirmen ma a rubuce yake, ƙato. Sake."

Ya sake. Ruwan sama ya sauko kan kwanon rufi, mai ɗaukar sauti ya ce a jira. Aka jira, aka sake, ya manta takalmin. Tufafin roban da aka sa masa sun jiƙe sharkaf da gumi, yunwa na cinsa, gwazar da mahaifiyarsa ta ƙunso masa ta huce a jaka. Can dai takaici ya kai masa wuya, ya damƙi kyaftin a kwala, ya zazzaga masa tukunya da taga da takalmi ba kuskure ko ɗaya, har hawaye na zubo masa don haushi.

Bronwyn da kanta ba ta sami abin gyara ba. Hamish, mai ba da umarni, ya taso yana tafi, ya rungume shi.

"Ɗan'uwa, ka gama da ni! Ina ka ɓoye wannan baiwar? Yanzun nan na yi waya da marubuta, ba za mu yi asararka ba."

Tavita ya share fuska, zuciyarsa ta yi sanyi. "To mu ɗauki ta ƙarshen, na haddace ta tun tuni."

"Ai mun cire ta," in ji Hamish, yana ta fara'a. "Kowa zai warke, ban da kai. Haka za ka ci gaba da magana har shirin ya ƙare."