Zumar Malam Jibrin

Malam Jibrin na juya cokali na huɗu na zuma a cikin kofin citta da tafarnuwa sai ya ji sallamar Hadijatu a tsakar gida. Ya tura kofin ƙarƙashin gado da ƙafa.

Kwanansa tara a ɗaki. Ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ba ya ƙarewa, idanunsa na ganin kalandar bango bibbiyu. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci: korona ce. Abin da ya fi tsoro shi ne masu fararen kaya su ɗauke shi a gaban duk mutanen Gwandu, su killace shi, ya mutu ba wanda ya yi masa wanka. Don haka ya ninka haɗin da ake ta yaɗawa a waya, safe da rana da yamma.

"Kada ki matso," ya ce daga bayan labule. "Kina da yara."

Hadijatu, babbar ɗiyarsa, ma'aikaciyar jinya ce a Kalgo. Ta ɗaga labulen ta shigo da takunkuminta.

"Inna ta ce har gonar albasa ka raba."

"Na raba. Uwarki ta ce rabon bai yi ba."

"Ina kika ga ya yi?" in ji matarsa Kulu daga ƙofa. "Ya ba ni wajen da jaki ma ba ya tsayawa."

Hadijatu ta taɓa goshinsa, babu zafi. Ba ya tari. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da gwada suga.

"Tun kafin azumi. Tsinken gwajin ɗaya ya rage, na ajiye shi saboda ranar wahala."

"Baba, wace rana kake jira?"

Ta soki yatsarsa. Ya yi ƙara fiye da yadda ya dace da mai shirin mutuwa. Ta dubi na'urar, ta ga suga ya hau sosai, sannan ta bi layin tururuwa da ido har ƙarƙashin gado, ta jawo kofin.

"Zuma ai ba suga ba ce," ya ce. "Magani ce, kowa ya sani."

"Jininka bai sani ba. Tashi, asibiti za mu, yanzu."

"Su killace ni?"

"Ruwa za su sa maka, da allura. Ciwonka ne na shekara goma sha ɗaya, kai ka yi ta ba shi abinci."

Ya zauna a bakin gado. Sauƙi ya ji, amma da ɗan takaici: duniya duka na maganar ciwo ɗaya, shi kuwa nasa na gida ne ya kusa kai shi lahira.

Ya laluba takalmansa, ya sa hula.

"Kulu, maganar gona a bar ta tukuna."

"Ai na riga na sa an yi mata shinge," ta ce, tana miƙa masa takunkumi.