Farin Fenti a Gemun Dattijo

Ba da shawarata hoton Dattijo ya hau bangon shagonmu ba. Ni da yayana muke da shagon askin, mun gaje shi daga Baba, kujera biyu da benci ɗaya da talabijin a saman ƙofa. Wata rana na raka matata awo asibiti, sai masu fentin jam'iyyar Dattijo suka zo neman bango, Yaya ya ce su yi. Da na dawo na tarar fuskar mutumin ta cika bangon tun daga ƙasa har kusa da kwano, da hularsa da gemunsa da murmushinsa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Fenti ne, Auta. Rabon bangon nan da fenti tun Baba yana da rai. Ga shi an yi mana kyauta, har da mutum a ciki."

Dariya na yi. Dattijo yana takarar shugaban ƙasa, mutanen layinmu kuma galibi nasa ne, don haka ban ga abin damuwa ba. Hankalina bai tashi ba sai da aka sanar cewa Injiniya, babban abokin karawarsa, zai bi ta layinmu ranar Asabar da motocinsa da yaransa.

Mun san yaran Injiniya. A zaɓen da ya wuce sun tarar da fastocin Dattijo a ƙofar Mai Walda da ke ƙarshen layi, suka ɓalle ƙofar, suka farfasa abin da ke ciki. Har yau a gindin bishiya yake aiki da injin aro. Ni kuwa matata ta kusa haihuwa, kuma ban iya komai ba sai aski. In shagon ya tafi, ban san inda zan sa kaina ba.

Ana gobe Asabar aka maimaita muhawarar 'yan takara a talabijin, shagon ya cika da masu kallo. An gama, Dattijo zai sauko daga dandamali, sai ƙafarsa ta zame. Injiniya ne ya riga kowa tare shi. Ya riƙe masa hannu, ya sunkuya ya ɗauko masa sandarsa, sannan ya koma gaban abin magana ya ce wannan bawan Allah sa'an mahaifinsa ne, duk wanda ya taɓa ko da hotonsa, to shi ya taɓa.

Yaya ya kashe kilifa ya juyo. "Ka ji ko? Da bakinsa ya faɗa. Sai ka bar mutane su yi barci."

Mai Walda yana kan benci yana jiran layi. Ya yi tsaki. "Wancan karon ma ai ya yi magana mai daɗi. Ina jin daɗin maganar aka cire mini ƙofa."

"Wancan karon bai riƙe masa hannu ba," in ji Yaya.

"To ai hannu ba tsada."

"Kai dai ba ka yafiya, Mai Walda. Ka dubi yadda ya sunkuya. Mutum mai tumbi irin wannan ba ya sunkuyawa don wasa."

Aka kwashe da dariya. Wani direba da nake yi wa aski ya ce shi ya ga idon Injiniya yana neman kyamara kafin ya sunkuya. Wani ya ce ƙarya ne, ƙasa yake kallo. Da aka sake nuna wurin na tsayar da hannuna na zuba ido sosai. Na ga ya sunkuya, na ga ya ɗago. Ban ga komai a fuskarsa ba da zan riƙe.

Bayan mutane sun watse na ce, "Yaya, mu shafe shi."

"Mu shafe Dattijo a layin Dattijo? Wa zai ƙara zama a kujerarka?"

"Mu ce gyaran bango muke yi. Fari tas, babu na kowa. In an gama zaɓe kowa ya manta."

"Mutumin nan ya ce kada a taɓa."

"Shi ya ce. Yaransa fa?"

Yaya ya shiga kakkaɓe tawul. Ya san ba don kaina kaɗai nake magana ba. Can ya ce akwai ragowar farin fenti a bayan kanta, na lokacin da muka yi silin, da safe zai duba.

Da safen na riga shi fara aiki, domin wani tsoho ya zo gyaran fuska tun kafin mu gama shara. Yaya ya ɗauki gwangwanin da buroshi da kujerar roba ya fita. Ina jin shi yana waƙa ƙasa-ƙasa, hankalina ya ɗan kwanta. Ban gama da tsohon ba sai na ji dariya a waje, ta mutum ɗaya, sannan ta mutane da yawa.

Na fita da reza a hannu. Yaya yana tsaye kan kujerar, yana karkata gwangwanin yana leƙa cikinsa. Fentin ya ƙare. Na ɗaga kai na dubi bangon.

Yaya ya shekara da shekaru yana shafa wa mutane kumfa. In ya ga fuska, ga buroshi a hannunsa, daga haɓa yake farawa, ya bi kumatu, ya kewaye baki a hankali, ya bar hanci da ido. Haka hannunsa ya yi ba tare da ya sani ba. Ga Dattijo nan a bangonmu, hula da ido da murmushi duk suna nan, gemunsa kuwa fari fat kamar an shafa masa sabulu, a ƙarƙashin allon da aka rubuta Shagon Aski.

"Yaya! Ba daga sama ake farawa ba?"

Ya sauko ya ja da baya ya duba. Bakinsa ya buɗe. "Innalillahi. Wallahi Auta ban lura ba."

Masu wucewa sun fara ɗaga wayoyi. Wata mata mai shagon kayan miya a tsallake ta ɗaga murya, "Masu aski, Dattijon ne abin wasanku yau? Mun gode!" Na ce mata wallahi ba haka ba ne, amma ta riga ta juya baya. Yanzu hoton yana nan ga yaran Injiniya, cin mutuncin kuma yana nan ga mutanen layinmu. Na kawo ruwa da tsumma, fentin mai ne, ko gezau. Yaya ya ce bari ya nemo kananzir. Bai kai bakin titi ba muka ji jiniya.

Babura ne suka fara shigowa, sannan motoci masu lasifika. A bayan wata buɗaɗɗiyar mota na hango Guduma, shugaban yaran Injiniya, wanda kowa ya san shi ya jagoranci zuwa ƙofar Mai Walda. Ya ga bangon, ya buga saman motar aka tsaya. Ya diro yana dariya har yana riƙe ciki.

"Kai! Ashe ku namu ne! Ku zo ku ga an kama tsoho za a yi masa ƙwal!"

Yaran suka yanyame mu suna ihu, wani ya ɗaga hannun Yaya sama kamar ya ci dambe. Ta tsakaninsu ina hango maƙwabtanmu a tsallaken titi, sun yi cirko-cirko, babu mai dariya. Na ɓoye rezar a aljihu.

Sai ihun ya mutu. Wata baƙar mota ta tsaya, Injiniya ya fito. Ya fi yadda yake a talabijin gajarta, kuma da gani ya gaji. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana kallo. A wannan tsayuwar ne masu kyamara suka iso da gudu. Ko su yake jira, ko kallon kawai yake yi, ban sani ba.

Ya zaro farin hankici ya hau kujerar robar, masu tsaronsa suna riƙe ta. Ya shiga goge gemun Dattijo. Fentin bai fita ba, sai ma ya dame, ya ɓata masa hannun riga har gwiwar hannu. Bai fasa ba sai da hankicin ya zama abin yarwa. Ya sauko yana haki.

"Wa ya yi wannan?"

Yaya ya buɗe baki, na riga shi. "Mu ne, ranka ya daɗe. Shagonmu ne."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar. "Mu shiga." Masu kyamara suka taso, ya ɗaga musu hannu. "Ku tsaya nan."

A ciki tsohon da nake yi wa gyaran fuska ya riga ya sulale, Injiniya ya zauna a kujerata kamar mai jiran aski. Yaya ya kawo masa tawul, ya karɓa yana goge yatsu.

"Me tsohon ya yi muku?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Shafewa muka zo yi gaba ɗaya, fentin ya ƙare."

"Don me za ku shafe?"

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Na ce, "Tsoro muka ji."

"Tsoron wa?"

A waje muryar Guduma tana tashi yana tsawata wa yaransa. Injiniya ya juya kai wajen ƙofar, ya saurara, sannan ya juyo.

"Ba ku ji abin da na faɗa ba a talabijin?"

"Mun ji, ranka ya daɗe."

"Amma ba ku yarda ba."

"Ni na yarda," in ji Yaya da sauri. "Ƙanena ne, matarsa ta kusa haihuwa, komai tsoro yake ba shi."

Injiniya ya yi ɗan murmushi, na gajiya ko na me, oho. Ya ce Allah ya sauke ta lafiya. Ya ninke tawul ɗin ya ajiye a hannun kujera, ya miƙe.

A waje ya karɓi abin magana, ya sa mu tsaya a gefensa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce wa jama'a waɗannan bayin Allah ba su yi nufin cin mutuncin kowa ba, tsoro ne ya sa su, kuma abin kunya ne a ce mai sana'a yana tsoron hoto a bangonsa. Ya ce shi da kansa zai turo mai fenti a mayar da babansa Dattijo yadda yake. Ya ɗaga hannun rigarsa da ya ɓaci, aka yi tafi, har da wasu a tsallaken titi. Na saurara ko zai faɗi tsoron wa muka ji. Bai faɗa ba.

Kafin ya shiga mota ya kira Guduma ya yi masa magana a kunne, yana nuna shagonmu da haɓa. Motocin gaba suka wuce, ƙura ta lafa, Guduma bai bi su ba. Ya tsallako ya shigo ya faɗa kujerata, ya cire hula.

"Rage mini gefe. Kada ka taɓa saman."

Na ɗaura masa ƙyalle. Sai da na kunna kilifa na kashe na sake kunnawa. Yaya ya fita wai zai ba mai kayan miya haƙuri, ya bar ni da shi.

"Oga ya ce in zauna har motocin baya su gama wucewa," in ji Guduma. "Ya ce ko ƙusa ta ɓace a nan, ni zai tambaya. Ni da na ɗauka namu ne ku."

"Mu na kowa ne, yallaɓai. Kai ne dai ba ka taɓa zuwa ba."

Ya yi dariya. Na bi gefen kunnensa a hankali. Yana da wani tsohon tabo a ƙeya inda gashi ba ya fita, na kewaye shi. Da na ga ya lumshe ido kamar kowane mai aski, sai na samu ƙarfin tambaya.

"Yallaɓai, don Allah, maganar da ya yi, har zuciyarsa ne?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ni ka tambaya? Tun yana neman kujerar majalisa nake bayansa, ban taɓa ganin zuciyarsa ba. Ya ce kar a taɓa, ba za a taɓa ba."

"In kuma ya canza magana?"

"To an canza." Ya faɗe ta ba tare da fushi ba, kamar mai faɗin farashin mai. "Hannunka da sanyi, ka iya aski. Aka ce matarka ta kusa?"

"Eh."

Ya zaro wayarsa daga ƙarƙashin ƙyallen. "Ba ni lambarka. In na ji iska ta juya, zan kira ka tun da wuri, ka kwashe abin da za ka iya kwashewa. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan. Kada kuma ka gaya wa wannan yayan naka mai baki."

Na faɗa masa lambar, ya danna, ya ce bari ya gwada ko ta shiga. Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Ina tsaye a kansa, ina kallon yatsansa a kan tasa wayar, amma duk da haka sai da gabana ya faɗi.

"Ta shiga," na ce.

"To ƙarasa mini ɗaya gefen."