Kwalbar da Ta Fashe a Hannun Likita

Saniya ta goma sha ɗaya ce ta yi harbi, kwalbar allurar ta fashe a hannun likitar dabbobin. Safar roba ta yage, maganin ya jiƙe mata tafin hannun dama. Ta nufi famfo, ta shiga dirza da sabulu.

"Likita, kwalba ɗaya ce fa," in ji manajan gonar daga inuwa. "Ko farce ne ya karye?"

Ma'aikata suka yi dariya. Ita kaɗai ce mace a cikinsu. Ranar da manajan ya ɗauke ta aiki ya gaya mata a fuska cewa mata ba sa daɗewa a nan, ciki ɗaya sai sallama. Ta ce masa zai gani. Shi ya sa wata uku ke nan tana ɓoye nata cikin a ƙarƙashin babbar rigar aiki, tana zagawa bayan ɗakin ciyawa ta yi amai, ta dawo fuska a ɗaure.

Babu wanda ya kai ta sanin maganin nan. Shekara biyu ta yi a ɗakin bincike kan ƙwayoyin mahaifar saniya da ke samar da furostagilandin, sinadarin da ke cikin allurar. In babu ciki, sai su farka su zubo shi, jiki ya share komai ya sake shiri. In akwai ɗan tayi, dole ya aika saƙo da wuri cewa yana nan, su yi shiru. Allurar kuwa ba ta tambaya. Tana sa shanu su nemi bijimi lokaci guda, mai ciki kuma ta ɓarar. A jikin kwalin an rubuta kada mace mai juna biyu ta taɓa, domin yana ratsa fata. Ta karanta, ta ninka safa biyu, ta ce ita ta san hannunta.

Tsohon makiyayin da ke riƙe mata igiya ya matso kamar mai neman ruwa.

"'Yata, wata nawa?"

"Ban gane ba, Baba."

"Shekara arba'in ina kallon masu ciki. Ƙafa huɗu ko biyu, tafiyar ɗaya ce. Je ki asibiti."

Ta buɗe baki za ta musa, sai mararta ta murɗa. Ba ta san ko tsoro ne ko maganin ba.

A asibiti nas ɗin ta karanta kwalin da ta miƙa mata, ta dube ta ta saman tabarau.

"Ke da iliminki?"

"Duba ni kawai, Anti. Faɗan na iya jira."

Aka shafa mata wani mai mai sanyi a ciki, aka ɗora na'ura. Ta ƙura wa silin ido, inda fanka mai fiffike biyu ke juyawa. Can sai ga bugun zuciyar ɗan tayin, ƙanƙani, da sauri.

"Yana nan," nas ta ce. "Amma ban yi miki alkawari ba. Sai mun ga wayewar gari."

Wayarta ta yi ƙara. Manajan ne.

"Saura shanu goma sha tara. In ba a gama yau ba, tsarin ya rushe. Kina ina?"

"Asibiti. Ina da ciki wata uku."

Ya ja tsaki.

"Ai na faɗa."

"Ka faɗa. Baba ya iya allura, ni na koya masa. Adadin yana rubuce a littafina. In na tashi zan dawo, in tsaya daga nesa in duba. Idan kora ce, ka rubuta dalilin ka sa hannu."

Ta kashe kafin ya amsa. Hannun dama ya yi ja saboda dirza, har yanzu yana ƙamshin sabulu. Ta janye shi gefen gado, ta ɗora na hagu a mararta.